Dakta, In Ka Samu Sarari

 A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da batun kuɗin makaranta a jami'o'inmu, amma ina neman afuwa, zan jingine shi zuwa wani makon. Akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, kuma na lura muddin ban amayar da ita ba, duk abin da na rubuta sai in ji kamar kewaye-kewaye nake yi. Maganar ta shafi 'yan'uwana Kiristoci kai-tsaye, domin daga cikin gidanmu zan ɗebo misalaina. Na san akasarin masu bibiyar wannan shafi Musulmi ne, amma ina kyautata zaton ba za su tashi hannu rabbana ba, don kuwa cutar da zan yi magana a kanta ba ta tambayar addinin mutum kafin ta kama shi.

A sashen da nake koyarwa akwai wani dattijo masinja wanda ya riga ni fara aiki a wurin da shekaru masu yawa. Baba muke kiransa, manya da yara. Shi ke buɗe ofisoshi da safe, shi ke kai takardu ofishin shugaban tsangaya, kuma shi ya san inda kowane fayil ya kwana. Lokacin da na zo a matsayin ƙaramin malami ko kujerar zama ba ni da ita, shi ya je sito ya zaƙulo mini wata, ya goge ta da hannunsa, ya ce in fara da wannan kafin Allah Ya kawo mai taushi. Musulmi ne mai kamun kai, ba ya roƙo, ba ya tsegumi.

Bayan dogon yajin aikin nan na 2022 wanda ya ɗauki wata 8, an matse kalandar karatu domin a cike giɓin da aka samu. A ƙarshen wani zango na tarar da takardun jarrabawa sama da 400 jibge a teburina, ga ɗalibai 11 masu rubuta kundin kammala digiri suna jiran gyara, ga wa'adin kwana 10 da aka ba mu na miƙa sakamako. Wata Litinin da hantsi Baba ya leƙo ofishina ya ce, "Dakta, in ka samu sarari ina son ganinka." Ko kaina ban ɗaga sosai ba na ce, "To Baba, bari in rage waɗannan takardu." Ranar Alhamis muka yi kiciɓis a bakin matakala, ya maimaita maganar, na ce masa gobe in Allah Ya yarda. A mako na gaba ya same ni a wurin ajiye motoci da la'asar, na riga na tayar da mota. Na ga ya sa hannu a aljihun rigarsa kamar zai ciro wani abu. Zuciyata ta yanke hukunci nan take cewa matsalar kuɗi ce, na zaro naira 2,000 na miƙa masa ta taga. Ya ɗan kalli kuɗin, ya karɓa da hannu biyu don kada ya kunyata ni, ya yi godiya. Na ja mota da sauri domin na makara zuwa taron kwamitin taimakon marasa galihu na ikilisiyarmu, wanda ni ne shugabansa.

Bayan 'yan kwanaki aka daina ganin Baba. Na ji an kwantar da shi a asibiti, na ce zan je dubiya ranar Asabar. Asabar ɗin ta zo da ɗaurin aure a majami'a, aka kai magariba ana hidima. Ranar Talata aka aiko mana da labarin rasuwarsa. Da muka je ta'aziyya, babban ɗansa ya jawo ni gefe ya ce, "Yallaɓai, ashe kai ne Baba ya ce zai nuna wa takardar." Takardar likita ce da Turanci, rabin shafi, tana tura shi babban asibiti a yi masa wasu gwaje-gwaje. Bai so ya tayar da hankalin iyalinsa ba, bai kuma so yaran ofis su san sirrinsa ba. Ni ya zaɓa in karanta masa, in fayyace masa abin da take nufi. Ta yi kusan mako 3 a aljihunsa.

Ban ce da na karanta takardar da Baba yana raye ba. Rai na Allah ne, kuma kowa da ranarsa. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya samo mini kujera ya nemi minti 5 a wurina har sau 3, ni kuwa na sallame shi da kuɗin da bai tambaya ba. Daren ranar ta'aziyyar na durƙusa zan yi addu'a, sai na ji bakina ya yi nauyi kamar na mai gaida wanda ya daɗe yana guje wa. Da na yi lissafi, rabon da in durƙusa ni kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ya kusa wata 2. Ina buɗe taro da addu'a, ina sa wa abinci albarka, ina jagorantar sujada idan fasto ba ya nan, amma tsakanina da Ubangiji a kaɗaice zumunci ya yi sanyi. A nan na gane cewa addu'ar da alherin tare suka fice daga rayuwata, ta ƙofa ɗaya, kuma gaggawa ce ta buɗe musu ƙofar.

Da farko na ɗauka wannan aibina ne ni kaɗai, sai na tuna da wani bincike da na taɓa karantawa. A shekarar 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John Darley da Daniel Batson, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai 40 na makarantar horar da limaman Kirista ta Firinsiton. An umarci kowane ɗalibi ya tafi wani gini da ke kusa ya gabatar da gajeren jawabi. Wasu an ba su batun irin ayyukan da masu kammala makarantar kan yi, wasu kuma aka ba su misalin nan na Basamariye mai tausayi. An gaya wa wasu cewa sun makara ana jiransu, wasu an ce lokaci ya yi daidai, wasu kuma aka ce suna da sauran lokaci. A lungun da za su bi an ajiye wani mutum a zube a bakin ƙofa, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun taimaka masa. Cikin na tsakiya kashi 45. Cikin waɗanda aka ce sun makara kuwa, kashi 10 kacal. Batun jawabin da mutum zai gabatar bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba, har ma akwai waɗanda suka tsallake mutumin suka wuce alhali wa'azin Basamariye suke ɗauke da shi a ka.

Waɗannan ɗalibai ba mugaye ba ne. Matasa ne da suka sadaukar da rayuwarsu ga aikin Allah, agogo ne kawai ya rufe musu ido. Hausawa sun riga masu binciken gano wannan, shi ya sa suka ce gaggawa aikin Shaiɗan. Mai sauri ba ya zama ya yanke shawarar ƙin taimako, ganin mai bukatar ne ma ba ya yi. Ko ya gani, sai ƙwaƙwalwarsa ta ba shi fassara mafi sauƙi wadda ba za ta tsayar da shi ba, kamar yadda tawa ta fassara mini hannun Baba a aljihu da cewa kuɗi yake nema.

Mu koma ga misalin kansa a Bisharar Luka sura ta 10. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ta kai kimanin kilomita 27, gangare ce ta cikin duwatsu da hamada, mutum yakan sauka kusan mita 1,000 kafin ya isa, kuma ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. Firist ya zo ya ga wanda aka yi wa rauni ya ratse, Balawe ma haka, dukansu ma'aikatan Haikali ne. Na daɗe ina karanta labarin ina jin haushinsu, yanzu kuwa ina karanta shi ne ina jin kunya. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai bayan rasuwar Baba shi ne abin da Basamariyen ya kashe. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, sai washegari ya ba mai masaukin dinari 2, wato ladan ƙwadagon kwana 2 a wancan zamani, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru idan ya dawo. Kuɗin ne ya zo a ƙarshe. Abin da ya fara bayarwa shi ne yininsa da darensa. Kuma shi ma ba mai zaman banza ba ne, matafiyi ne mai uzuri, shi ya sa da gari ya waye ya ci gaba da tafiyarsa. Bai fasa tafiyar ba, jinkirta ta ya yi.

Nan take bayan wannan misali, a cikin surar dai, Luka ya kawo labarin 'yan'uwa mata biyu, Marta da Maryamu. Yesu ya sauka a gidansu, Marta ta shiga hidimar baƙi har ranta ya ɓaci, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraron koyarwarsa. Da Marta ta kawo ƙara, Yesu ya nuna mata cikin taushi cewa damuwa da abubuwa barkatai ta ɗauke mata hankali daga abin da ya fi muhimmanci. Daga nan sura ta 11 ta buɗe da almajirai suna roƙon a koya musu addu'a. Ina ganin wannan jeri ba banza ba. Labari na farko yana tsawata wa mai ibadar da ba ya tsayawa domin mutum, na biyu yana tsawata wa mai hidimar da ba ya tsayawa domin Allah. Ni a zangon nan na haɗa laifin biyu: na zama firist a wurin ajiye motoci, na zama Marta a majami'a.

Wani zai ce ai zamanin da ba irin namu ba ne, mutanen da ba su san matsin aiki ba. To, a duba Bisharar Markus sura ta 1. A yini guda a Kafarnahum Yesu ya koyar a majami'a, ya warkar da surukar Saminu Bitrus, da rana ta faɗi kuma gari ya taru a ƙofar gida da marasa lafiya. Duk da wannan gajiya, tun da sauran duhu ya tashi ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a. Da almajirai suka same shi suka shaida masa jama'a na nemansa, bai koma ba, ya ce su nufi garuruwan da ke gaba. Wanda ya fara yininsa da addu'a ya san abin da zai amsa da abin da zai bari. A sura ta 5 kuma, yana kan hanyar zuwa gidan Yayirus, shugaban majami'a wanda 'yarsa mai shekara 12 ke bakin mutuwa, sai wata mace da ta yi shekara 12 tana fama da zubar jini ta taɓa rigarsa a cikin cunkoso. Babu uzurin sauri da ya fi na ranar, amma ya tsaya, ya neme ta, ya saurari labarinta har ƙarshe. Mai tashi da asuba ya keɓe da Allah shi ne mai iya tsayawa da rana domin mace guda a cikin taro. A fahimtata, na farkon ne ke haifar da na biyun.

To, yaya ake samun wannan sarari? Amsar da na samu ba daga littafi ta fara zuwa mini ba, daga abokan aikina Musulmi ta zo. Shekara da shekaru muna zaman tantance sakamakon jarrabawa tare. Komai zafin muhawara, komai kusantowar wa'adi, da an kira Azahar sai wani ya dubi shugaban taro, a ɗage zama na minti 20. Ban taɓa ganin sakamako ya lalace saboda haka ba. Hasali ma sau da yawa gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kafin salla, bayan an dawo sai a warware ta cikin ruwan sanyi. Su ba sa jiran sai sun samu sarari, lokacin a yanke yake, aiki ne ke kauce masa. Ni kuwa na mayar da addu'ata abin da ake yi da ragowar lokaci, kuma duk mai aiki ya san lokaci ba ya ragowa.

Abin kunyar shi ne, wannan tsari ba baƙo ba ne a gidanmu, mu ne muka yi sakaci da gadonmu. Daniyel yana ɗaya daga cikin manyan jami'ai 3 da ke sa ido a kan hakimai 120 na daular sarki Dariyus, amma sau 3 a rana yake durƙusawa a ɗakinsa, tagogi a buɗe wajen Urushalima. Al'adar ta kafu har maƙiyansa suka san ta nan kaɗai za su iya kama shi. A ƙarni na 6 kuma, Benedik, wanda ya kafa gidan sufaye na Monte Kasino a Italiya, ya tsara wa mabiyansa lokutan addu'a 7 da rana da 1 da dare, ya umarta cewa da an ji alamar lokaci kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Waɗannan sufaye manoma ne, masu girki, masu kwafar littattafai da hannu, ba marasa aikin yi ba. A cikin ƙa'idojin nan dai ya ce a ajiye dattijo mai hankali a bakin ƙofa domin duk wanda ya ƙwanƙwasa ya sami mai amsa masa, kuma a karɓi baƙo kamar Almasihu ne ya zo. Mutumin da ya yanka wa addu'a lokaci shi ne ya ajiye wa baƙo mai tsaron ƙofa. Ya san dukansu biyu ba sa faruwa da kansu.

Na san akwai mai karatun da zai ce, Dakta, kana magana ne irin ta mai albashi da ofis mai ƙofa. Yaya mai tuƙa keke-napep wanda sai ya haɗa kuɗin mai keke da na mai kafin ya fara neman na cefane? Yaya ma'aikaciyar jinya mai kwanan aiki, ko mai tuyar ƙosai da ke hura wuta tun kafin asuba? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa sun koma haɗa sana'a biyu ko uku kafin tukunya ta hau murhu. Ba zan ɗora wa wanda talauci ya matse irin laifin da nake ɗora wa kaina ba. Sai dai abin da na gani da idona shi ne, sau da yawa waɗannan mutane sun fi mu cika abin da nake magana a kai.

Mahaifiyata ba ta taɓa mallakar agogo ba. Tana noma, tana daka, tana ɗebo ruwa, ta reni 'ya'ya 7. A ajin yaƙi da jahilci na majami'a ta koyi karatu, kuma Littafi Mai Tsarki nata shi ne tsohuwar fassarar nan ta 1932 da Likita Mila da abokan aikinsa suka yi, bangonsa ya sha ɗinki da zare. Da carar zakara ta farko nakan ji muryarta ƙasa-ƙasa tana ambaton sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, sannan sunayen marasa lafiyan unguwa, Kirista da Musulmi. Waɗanda ta ambata da asuba su take leƙawa da yamma, da 'yar kwaryar kunu ko ƙullin daddawa, a hanyarta ta zuwa Zumuntar Mata. A wurinta addu'ar ce ke rubuta jerin gidajen da za ta shiga. Ta tuna mini da Ɗan'uwa Lawrence, wani bawan Allah da ya yi shekaru yana aikin girki a gidan sufaye a Faris, ya rasu a 1691, wanda ake tunawa da shi har yau domin ya mayar da wankin tukwane lokacin zance da Ubangiji. Wanda ba shi da ɗakin keɓewa yana da bakin murhu, yana da kan keke kafin fasinja na farko ya hau.

Mu masu ofis kuwa, mu daina yaudarar kanmu. Yini yana da minti 1,440, minti 15 bai fi kashi 1 da ɗan ɗoriya cikin 100 ba. A makon da na ce wa Baba ba ni da sarari, wayata da kanta ta nuna mini na haura awa 3 a kowace rana ina kallon fuskarta, mafi yawa a WhatsApp da Facebook, ina bin gardamar siyasar da ba ta ƙare ni da komai ba. Lokacin yana nan, na dai ba wanda ya fi ɗaga murya ne. Waya tana ƙara, wa'adi yana barazana, shugaban sashe yana aiko da takarda. Allah ba Ya buga waya, mai kunya irin Baba kuma ba ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi.

Dole kuma in yi magana da shugabannin ikilisiyoyinmu, ni ma ina cikinsu, kada a ce wanzami ba ya son jarfa. A majami'u da yawa mako a cike yake taf: taron dattawa, Zumuntar Mata, addu'ar tsakiyar mako, koyon waƙa, nazarin Littafi Mai Tsarki, kwamitin gini, ga aure ko jana'iza ranar Asabar. Kowane ɗaya abu ne mai kyau. Amma idan mutum guda yana cikin biyar daga ciki, yaushe zai zauna da 'ya'yansa, yaushe zai san maƙwabcinsa ya kwana da zazzaɓi? Mun fara auna ruhaniyar mutum da yawan tarukan da yake halarta, har ya zama mai cewa "ba zan iya ƙara wani kwamiti ba" ana yi masa kallon wanda ya ja da baya. Kwamitin taimakon marasa galihu da na ruga dominsa ranar nan, awa 2 muka yi muna muhawara kan tsarin rubuta rahoto. Ina roƙon fastoci da dattawa su duba ko za a bar wa jama'a ko da yammaci guda a mako babu taro, a ce musu wannan na ziyara ne, tun da zumunta a ƙafa take.

Ga abin da na sauya a rayuwata, ba don na zama gwani ba, sai don wataƙila wani ya tsinci abin amfani. Waya ta daina kwana a ɗakin barcina, a falo take caji, domin na gano duk safiyar da na fara da saƙonni ba ta komawa hannuna. Ina tashi ƙarfe 5, in karanta Zabura guda da ɗan sashe na Bishara, in ambaci mutane da sunayensu kamar yadda mahaifiyata take yi, minti 20 ke nan. Idan aka kira Azahar abokan aikina suka fita, ni ma sai in rufe ƙofa in yi shiru a gaban Allah na minti 5, ladaninsu ya zama agogona. Ina barin gida minti 15 kafin lokacin da ya wajaba, domin binciken nan ya koya mini cewa wanda bai makara ba ya fi ganin mutane. Ranar Laraba daga ƙarfe 2 zuwa 3 ƙofar ofishina a buɗe take, babu takarda a gabana, duk mai magana ya shigo. Yammacin Lahadi na ziyara ne, gida guda, ni da uwargida. Na ajiye kwamiti 2 cikin 4 da nake ciki, abin da ya jawo mini ƙorafi, amma ba a tauna taura biyu. Da dare kafin in kwanta ina yi wa kaina tambaya guda: wa ya nemi ganina yau, kuma me na ce masa?

Akwai kuma doka guda da na kafa wa kaina. Duk wanda ya ce yana son ganina, ko dai in tsaya nan take in tambaye shi ko lafiya, ko in faɗa masa rana da sa'a in rubuta a gabansa. Kalmar "in na samu sarari" na cire ta daga bakina, domin na gane hanya ce ta cewa a'a ba tare da jin nauyin faɗinta ba.

Ba kullum nake cikawa ba. A lokacin jarrabawar da ta wuce na yi kwana 4 a jere ban tashi da asuba ba, kuma akwai Larabar da taron gaggawa ya cinye. Akwai kuma haɗarin da nake tsoro, wato tsarin ya zama abin alfahari, in riƙa ƙirga mintocina ina raina wanda ba shi da su. Idan addu'ar asuba ba ta sa na fi sauƙin hali ga mai shara da ƙarfe 8 ba, to akwai gyara a cikinta. Amma ko da tuntuɓe, na ga bambanci. A wata Laraba wani ɗalibi ɗan aji 3 ya shigo ya zauna, ya yi kusan minti 10 yana kame-kame kan wani kwas, ni kuma na yi shiru ban kalli agogo ba. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi: mahaifinsa ya rasu, yana shirin barin karatu ya koma gona. Mun bi hanyoyin da ake bi, an ɗage masa zango guda, yanzu ya dawo. Da a bakin matakala ya tare ni, da maganar kwas ɗin kaɗai zan ji.

Kujerar da Baba ya samo mini tana nan a ofishina har yau. An daɗe da ba ni mai taushin da ya yi mini fata, amma na hana a mayar da tsohuwar sito. Na ajiye ta a gefen tebur, a kanta masu zuwa ranar Laraba suke zama. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ya ba mu ikon tsayawa a gabanSa da kuma gaban bayinSa tun ana iya samunmu.

Mai karatu, idan akwai wanda ya ce yana son ganinka kuma ka ce masa sai ka samu sarari, ka neme shi kafin makon nan ya fita. Batun kuɗin makaranta yana nan tafe a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.